Gobara, Bincike da Shari'a: Ƙarancin Kuɗi da Ma'aikata a Zongon Lome

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba hukumomi uku da zaman lafiyar birni ya rataya a kansu, wato 'yan kwana-kwana, 'yan sanda da kotuna. An ɗauki Zongon Lome na ƙasar Togo a matsayin misali, domin ɗalibi ya ga yadda ƙarancin kuɗi da ma'aikata ke shafar talaka, ya kuma tsinci kalmomin da ake amfani da su a wannan fage.

Zongo da Nisansa

Kalmar "zongo" ita ce "zango" a daidaitacciyar Hausa, wato wurin da ayarin fatake ke yada kaya. A Gana da Togo ta koma sunan unguwar baƙi Musulmi, inda Hausa ce harshen ciniki. Tsohon Zongon Lome yana tsakiyar gari ne, har zuwa 1977 da hukuma ta rushe shi, ta mayar da mutanensa wajen kilomita 15 arewa da birni, wurin da ake kira Aguwe-Zongo. Masanin nan Bafaranshe, Michel Agier, ya yi nazarin fataken shanu da na goro na wannan unguwa a littafinsa na 1983.

Wannan ƙaura ta nisanta Zongo da manyan ofisoshin gwamnati. Daga baya gari ya bunƙasa har ya haɗe da ita. Ƙidayar 2010 ta sami mutum wajen miliyan 1.5 a Lome da kewayenta, ta 2022 kuma ta sami kusan miliyan 2.2. Duk ƙarin nan na jama'a yana bukatar ƙarin motocin kashe gobara, da ofisoshin 'yan sanda, da alƙalai. Gina unguwa kuwa ya fi horar da ma'aikaci sauri.

Gobarar Kasuwa

A watan Janairu na 2013 wuta ta cinye kasuwar Kara a arewa, bayan kwana biyu kuma ta kama Babbar Kasuwar Adawlato ta Lome, cibiyar matan nan masu sayar da atamfa da ake kira Nana Benz. Wutar ta fi ƙarfin 'yan kwana-kwanan Lome, sai da na Gana suka tsallako iyaka suka kawo gudummawa. A watan Disamba na 2023 kasuwar Aguwe-Asiyeye, wadda ke ɓangaren arewacin birnin kamar Zongo, ita ma ta ƙone.

Kashe gobara aiki ne na mintoci. Buga lamba 118 ba ya wadatarwa sai an sami mota mai lafiya, da mai a cikinta, da hanyar shiga tsakanin rumfuna, da famfon da za a sake cika tanki. Idan ɗaya ya rasu, sauran sun tashi a banza. Ɗan kasuwar da ya karɓi kaya bashi daga maigidansa, in rumfarsa ta ƙone, ya rasa jari kuma bashin na nan a wuyansa.

Daga Bincike zuwa Kotu

Bayan wuta ta mutu sai aikin masu bincike ya taso. A 2013 sai da gwamnati ta gayyato ƙwararru daga Faransa su gano musabbabin gobarar. An kama 'yan adawa da dama, ciki har da tsohon Firayim Minista Agbéyomé Kodjo. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kama, Etienne Yakanou, ya rasu a tsare a watan Mayu na shekarar, wasu kuma sun shafe shekaru ba a yanke musu hukunci ba. Siyasa ta shiga wannan shari'a ƙwarai, amma jinkirin shari'a ya shafi har wanda aka zarga da satar akuya.

Dalilin a fili yake. Idan mai bincike ɗaya ne ke riƙe da ƙararraki masu yawa, takardu sukan makara kafin su isa gaban alƙali. Idan alƙalai da magatakardan kotu sun yi kaɗan, sai a yi ta ɗage zama. Wanda ake tuhuma kuma yana jira a kurkuku. Gidan yarin Lome an gina shi ne don mutum 666, amma ya sha ɗaukar ninki biyu ko uku na wannan adadi, har a 2019 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa ya nemi a rufe shi.

Rabon Kasafi

Tun daga 2021 'yan bindiga suka fara kai hare-hare a jihar Saban da ke iyaka da Burkina Faso, aka kuma kafa dokar ta-ɓaci a can a watan Yuni na 2022. Dokar tanadin kuɗin soja ta 2021 zuwa 2025 ta ƙunshi fiye da sefa biliyan 700. Tsaron iyaka dole ne, amma baitulmali ɗaya ne, kuma daga cikinsa ake sayen motar kashe gobara, ake biyan albashin alƙali.

Yadda Ake Cike Giɓi

Mutanen zongo sun daɗe suna kai rigimar bashi, gado da aure gaban sarkin zongo, limamai da masu gida, a yi sulhu ba tare da kuɗin lauya ba. A 2018 gwamnati ta buɗe "gidajen adalci" na farko, ɗaya a Aguwe-Nyive, inda mai shiga tsakani ke sasanta ƙananan rigingimu kyauta. Wannan yana rage wa kotu kaya. Sai dai sulhu yana da iyaka: ba ya kashe wuta, ba ya binciken kisa, kuma mai rauni kan haƙura da hakkinsa don kunyar manya.

Kammalawa

Hukumomin nan uku a sarƙe suke, raunin ɗaya yana faɗawa kan sauran. Ɗalibi ya lura da bambancin "tuhuma" da "hukunci", da na "sulhu" da "shari'a", da kuma na "tsarewa" da "ɗauri", domin a ratar da ke tsakanin waɗannan kalmomi ne mutane ke shafe watanni ko shekaru a gidan yari.