Bindigar Da Ba Don Kisa Aka Yi Ta Ba

A ƙasashen Turai akwai masu tara tsofaffin bindigogin sigina na soja. Ana kiran irin wannan bindiga da sunan Edward Very, hafsan sojan ruwan Amurka na ƙarni na 19. Ba don kisa aka yi ta ba. Wuta take harbawa sama, ja kuwa alamar neman agaji ce.

Irin wannan kira ake bukata a tafkin Kainji. A watan Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka halaka.

'Yan'uwa cikin Kristi, ikilisiyoyin Yauri da Shanga suna iya haɗa baiko su saya wa masu kwalekwale rigunan ceto, usur da tocila. Duk mai neman agaji maƙwabcinmu ne.