RIJIYA ƊAYA, MASU ƊIBA DUBU: YADDA AKE GINA MANHAJOJIN BIYA DA KUƊIN KIRIFTO

Kowa ya san ba kowane gida ne ke haƙa rijiyarsa ba. Mutanen gari kan yi gayya su haƙa guda, kowa ya zo da gugansa ya ɗiba. Hakan na rage wahala, amma yana da sharaɗi: in aka tsare bakin rijiyar, gari duka ya sha lafiya, in wani abu ya faɗa ciki, gari duka ya kwanta. Haka al'amarin yake wajen masu gina manhajojin wayar salula da ake biyan kuɗin kirifto da su.

MENE NE KUƊIN KIRIFTO?

Kuɗi ne da ba a buga su a takarda ko a ƙarfe ba, kuma babu bankin gwamnati da ke tsaye a bayansu. Na farkonsu shi ne Bitcoin. Wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya bayyana tsarinsa a watan Oktoba na 2008, aka fara aiki da shi a watan Janairu na 2009. Ana rubuta kowane biya cikin wani babban kundi wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa, kuma kusan kowane minti 10 ana ƙara masa sabon shafi.

Mai kuɗi yana da wata doguwar lamba da ake ce wa mabuɗin sirri. Da ita yake sa hannu in zai biya. Manhajar da ke ajiye mabuɗin ita ce lalitarsa. A nan sai a kula da abu biyu: duk wanda ya sami mabuɗin ya sami kuɗin, kuma biyan da ya shiga kundi ba ya dawowa. Babu wani ofishi da za a kai kuka a soke shi.

ABIN DA AKE KIRA LABURARE

Kowace lalita tana da ayyukan da ba makawa sai ta yi su. Za ta ƙirƙiri mabuɗi wanda ba mai iya cankarsa. Za ta duba adireshin wanda za a biya, ko an yi kuskuren harafi. Za ta lissafa ladan aikewa, ta sa hannu, ta miƙa saƙon ga kwamfutocin da ke riƙe da kundi, kana ta jira tabbaci. Ayyuka ne masu wuya, kuma kuskure ɗaya a cikinsu asarar dukiya ce.

Saboda haka masana suka rubuta waɗannan ayyuka sau ɗaya, suka tara su wuri guda, suka bar su a buɗe don kowa ya ɗauka kyauta. Wannan tarin shi ake kira laburare, ko da yake ba littattafai ne a ciki ba, umurnai ne da na'ura ke bi. Mai gina manhaja sai ya ɗauko shi, ya ɗora nasa aikin a kai, watau fuskar da mutum ke gani, da harshen da zai karanta, da maɓallan da zai danna.

A 2011 wani injiniya mai suna Mike Hearn ya fito da bitcoinj, wanda lalitocin farko na wayoyin Android suka dogara da shi. Pieter Wuille, mutumin Beljiyam, ya fara libsecp256k1 a 2013 don aikin sa hannu, kuma tun 2016 babbar manhajar Bitcoin ke tantance sa hannu da shi. Haka nan Cash App ta Amurka ta yi amfani da laburaren LDK a 2022 don biyan gaggawa ta hanyar Lightning.

Amfanin a fili yake. Ƴan ma'aikata kaɗan kan gama cikin watanni abin da da zai ci musu shekaru. Idanu da yawa na duba rubutun, kuma in an gyara kuskure a tushe, duk wanda ya karɓi sabon zubi ya amfana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RANAR DA RUWA YA GURƁATA

Amma fa wake ɗaya ke ɓata gari. Kowane laburare yana jingine da wasu ƙananan laburare, su ma da wasu, har manhaja guda ta ƙunshi ɗaruruwan guntaye waɗanda mai ita bai taɓa karantawa ba.

A 2018 akwai wani ɗan laburare mai suna event-stream, wanda ake ɗauka kusan sau miliyan 2 a mako. Wanda ya rubuta shi ya daina amfani da shi, kuma ba a biyan sa ko sisi don kula da shi. Sai wani baƙo ya nemi ya karɓi ɗawainiyar, aka miƙa masa. Baƙon ya cusa wani ɓoyayyen umurni wanda ba ya motsi sai ya tsinci kansa cikin lalitar Copay, inda yake neman asusu masu manyan kuɗi don ya kwashe mabuɗansu. Gubar ta shiga zubi na 5.0.2 zuwa 5.1.0 na Copay, ba a gano ta ba sai a watan Nuwamba, bayan ta yi makonni a ciki. Ɓarawon bai fasa ƙofa ba. Riƙon rijiyar aka ba shi.

Ran 14 ga Disamba 2023 abin ya faɗa wa Ledger, wani kamfanin Faransa. Ƴan damfara sun yaudari wani tsohon ma'aikacinsa wanda izininsa na wallafa sabon zubi bai mutu ba, suka sauya laburaren Connect Kit da na jabu. Da yake manhajoji da yawa suna ɗauko sabon zubin kai tsaye ba tare da dubawa ba, nan take gubar ta bazu. Cikin ƴan sa'o'i aka kwashe kimanin dalar Amurka 600,000, kamfanin kuma ya yi alkawarin biyan waɗanda abin ya shafa. A watan Disamba na 2024 an sake yin irin haka ga laburaren Solana.

YADDA AKE TSARE BAKIN RIJIYA

Darasin da aka koya ba shi ne kowa ya koma ya haƙa tasa ba, domin mai rubuta lissafin sirri shi kaɗai ya fi kowa shiga haɗari. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su tsaya kan zubi guda da suka bincika, kada na'ura ta ɗauko sabo da kanta. Su karanta abin da ya sauya kafin su karɓa. Su rage yawan guntayen da suke jingina da su. Kada izinin wallafawa ya zauna hannun mutum ɗaya, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki a karɓe mabuɗansa. Sa'an nan kamfanonin da ke cin riba su tallafa wa masu kula da laburare, don kada gajiya ta sa su miƙa amana ga wanda ba a sani ba.

A ƙasarmu sefa ce kaɗai kuɗin doka, amma darasin ya shafe mu, tunda sauran manhajojin aika kuɗi da ke cikin wayoyinmu ma da irin waɗannan guntaye ake gina su. Jami'in da zai ba da kwangilar manhaja ya nemi a kawo masa jerin laburaren da ke cikinta, da sunan wanda ke kula da kowanne, da yadda za a yi in an sami ɓaraka. Shi kuma mai lalita kada ya ɗauko manhaja sai daga tushenta na ainihi, kada ya tara dukiyarsa duka wuri ɗaya, kuma kalmomi 12 ko 24 da ake ba shi don maido da mabuɗinsa ya rubuta su a takarda ya ɓoye, kada ya nuna wa kowa.

Kafin ka jefa guga, ɗan'uwa, ka tambayi wanda ke gadin rijiyar. Rigakafi ya fi magani.