Babu Kundin da Ya Jera Gidajen Bayi a Kaduna

Wani saƙo ya yi kwanaki yana zagaya zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai, kuma duk wanda ya tura shi sai ya liƙa masa "kamar yadda aka turo mini", wai shi ya wanke hannunsa ke nan. Saƙon ya ce an gano wani kundi da Turawan mulkin mallaka suka bari a Kaduna, mai ɗauke da asalin kowane gida a Arewa, har da jerin gidajen da kakanninsu bayi ne. Ya lissafo wasu sunaye, ya ce duk uban da ya ji irinsu cikin kakannin mai neman 'yarsa ya yi hattara. Daga ƙasa kuma ga lambar asusu, ga mai son a duba masa nasa asalin.

Ƙananan maganganun ba sa buƙatar dogon bayani. Saƙon da ya ce kundin yana Kaduna shi ne kuma ya ce Turawa sun kwashe takardunmu kaf sun kai Landan, sai mai saƙo ya zaɓi ɗaya. Gwajin DNA da ya ce yana fito da sunan kakan kakanka, ƙiyasi kawai yake bayarwa na yankunan da jininka ya yi kama da na mutanensu. Littafin Tarihin Kano da ya ambata kuwa, wanda Palmer ya fassara a 1908, labarin sarakuna ne daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, ba rajistar unguwanni ba.

Maganar bayi ita ce mai dafi. Na san gidan da aka riga aka sa rana, aka kai lefe, sai wani kawu ya karanta saƙon ya ce a dakata, don kakan yaron Bawa ake ce masa. Yarinyar ta daina cin abinci, uwar tana kuka a ɗaki, shi kuma wanda ya fara tura saƙon yana can ya wuce kan wani bidiyon.

Abin da ya sa ƙaryar ta samu shiga shi ne akwai ɗan gaskiya a gindinta. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan a Kaduna, ɗan'uwan na Ibadan da na Inugu, aikin da Kenneth Dike ya kafa tubalinsa a 1954. A ciki akwai fayilolin larduna, da rahotannin ƙiyasin haraji da jangali, da bayanan gundumomi. Kuma ƙwarai Turawa sun riƙa rubuta bayin da aka 'yanta. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, an buɗe gidan renon yaran da aka kuɓutar a Zungeru, wasu bayin sun fanshi kansu a gaban alƙalai ta hanyar murgu, sannan a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa.

To amma me ke cikin irin wannan rajista? Layi ɗaya ga mutum ɗaya: lamba, suna guda, namiji ko mace, shekarun da aka ƙiyasta da ido, ƙabilar da aka ce tasa ce, da inda aka kai shi. A ce Audu, ɗan shekara sha biyu. Audu nawa ne a lardin Kano a 1910? Babu sunan gida a jiki, domin Bahaushe bai gaji sunan gida irin na Bature ba. Sunan uba muke ɗauka, jika ya tashi da wani suna dabam, wasu ma a makarantar boko aka liƙa musu sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari. Kafin a ce wancan Audun kakan wane ne, sai an kawo shaidar da ta haɗa kowane ɗa da ubansa har zuwa yau, alhali rajistar haihuwa ba ta zama dole a duk faɗin Najeriya ba sai da dokar 1979. Wanda ya ce zai ƙulla wannan igiya daga suna ɗaya da ka tura masa ta waya, kuɗinka kawai yake so.

Ga kuma lissafi. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta bayin Daular Sakkwato a wajejen 1900 tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Waɗanda suka shiga takarda kaɗan ne daga cikinsu. Da yawa sun gudu gida, wasu sun zauna a rumada sun zama manoman garin, aka yi ta auratayya har aka saje. Ga 'ya'yan sa-ɗaka, waɗanda shari'a ta ɗauka 'ya'ya ne kamar kowa, wasunsu har sun hau gadon sarauta. Saboda haka kawun da ke bugun ƙirji don bai ga sunan kakansa a jerin ba, babu abin da rashin ganin ya tabbatar masa.

Sunan shi kansa ba hujja ba ne. Gaskiya ne an san wasu sunaye da iyayengiji kan raɗa wa bayi, amma Bawa Jan Gwarzo Sarkin Gobir ne, wanda ya yi zamani da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Matar da ke wabi ma takan bar ɗanta da laƙabi na ƙasƙanci irin su Ajuji, da fatan ya tsaya.

Ban ga laifin uban da gabansa ya faɗi ba. Binciken asali kafin aure al'adarmu ce, kuma duk wanda ya ji an ambaci Turawa da takarda sai ya ɗauka magana ta ƙare. Haushina yana kan masu ilimin cikinmu da suka tura saƙon ba tare da sun nemi ko lambar fayil ba, alhali kowane fayil a Kaduna yana da lambarsa. Ko da ma ta tabbata kakan wani an kama shi an sayar, shi aka zalunta, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa sukar nasabar mutane aikin jahiliyya ne.

Mai son sanin asalinsa da gaske, daga gida ake farawa. Ka je wurin gwaggo ko kakar da ta rage, ka ajiye waya tana naɗar magana, ka tambaye ta wa ya haifi wa, daga wane gari aka taso, a zamanin wane sarki ko wace yunwa. Ka ji ta bakin wani tsohon daga ɗaya ɓangaren, domin sukan saɓa. Ka nemi takardun rabon gado da na gona, da tsohon fasfo na aikin Hajji, da gefen littattafan malaman gidanku, inda wasu kan rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa da ajami. In ka samu sunan gunduma da na dagaci da kimanin shekara, sannan tafiya Kaduna take da amfani, ko gidan adana takardun, ko Arewa House da ke tsohon gidan Sardauna. Galibi abin da za ka samo labarin garin ne: lokacin da aka kafa shi, jerin dagatansa, sana'ar mutanensa da harajin da aka yanka musu. Sunan kakanka ya fi yiwuwa ya fito idan ya taɓa riƙe sarauta, ko ya yi aikin En'e, ko shari'a ta kai shi gaban alƙali.