Kogunan da Rairayi ya Binne: Karatun Layuka a Hoton Rada

A watan Nuwamba na 1981, kumbon Amurka mai suna Columbia ya tashi ɗauke da na'urar rada, SIR-A. Da ya ratsa saman hamadar Selima, a iyakar Masar da Sudan, inda ido ba ya ganin komai sai rairayi, hoton da ya ɗauko ya ba masana mamaki: ga baƙaƙen layuka masu rassa, wasu faɗinsu ya kai kilomitoci. Ashe tsofaffin koguna ne a binne.

Rada ba ta jiran hasken rana. Ita ke harba sigina zuwa ƙasa, ta auna abin da ya dawo. Sigina mai dogon zango irin na SIR-A yakan ratsa busasshen rairayi mita ɗaya ko biyu, ya taɓa abin da ke ƙarƙashi. Tsakuwa da dutse mai kaushi suna maido shi, su fito fari. Kwalta, kwantaccen ruwa da lallausar ƙasar da ta cike kwarin kogi kuwa kore shi gefe suke yi, su fito baƙi.

Sai dai launi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin titi da mataccen kogi duk baƙaƙe ne. Siffa ce ke raba gardama. Kogi yana lanƙwasa, ƙananan rafuffuka suna shigarsa a karkace, karkatarsu kuma ita ke nuna inda ruwan ya nufa. Tsagewar dutse takan miƙe sambal, ta gutsure tudu, ta gocar da rabinsa gefe. Titi kuwa gari yake nema. Akwai kuma tarko: rada daga gefe take kallo, saboda haka layin da ya gitta gabanta yakan fito raɗau, wanda ya bi saitin kallonta kuma ya dushe. Shi ya sa ƙwararre ke neman hoto daga fuska biyu.

Masanan da suka nazarci Selima ba su tsaya ga hoto ba. Sun je sun haƙa, suka tarar da tsakuwar kogi da gatarin dutse na mutanen dā. A 2015 ma, da rada ta Japan mai suna PALSAR aka gano tsohon kogin Tamanrasset, tsawon kimanin kilomita 500, a ƙarƙashin rairayin Muritaniya.

Wannan ilimi ya shafe mu kai tsaye. A ƙasa mai dutse irin ta Kano da Zariya, ruwan rijiyar burtsatse cikin tsagogi yake taruwa. Ya kamata jami'o'inmu su horar da matasan da za su karanta layukan nan, sannan su je fili su gwada kafin a kafa injin haƙa.