Gajarta Ba Ta Hana Hawa Babur

Ni dai gajera ce, ban ɓoye ba. Ranar da Yaya ya bar mini Honda ɗinsa ƙirar Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, har rawa na yi. Kashegari na goyo ƙanwata zuwa makaranta, muka tsaya a danja, na miƙa ƙafa, sai yatsuna kawai suka taɓa ƙasa. Muka kife! Ta gurje gwiwa, Inna ta ce na gama hawa.

Wani dattijon bakanike ne ya cece ni. Ya ce, "'Yata, sirdin ne ya fi ƙarfinki." Ya kai wa mai ɗinkin kushin, aka yanke soson kamar inci 1, aka kuma fiƙe gefunansa, domin faɗin sirdi yana buɗe cinya ya rage tsawon ƙafa. Ya gargaɗe ni kada a yanke da yawa, zama zai zama azaba.

Ya ce in an sa gajeriyar shakazoba ta baya ma babur yana sauka, amma cikinsa zai riƙa dukan tudu, kuma dole a rage ƙafar jingina shi, in ba haka ba zai faɗi.

Yanzu tafin ƙafata yana dira daram. Inna ta sauko, da sharaɗin in riƙa tattare hijabina kada taya ta kama shi. Ke ma ki kiyaye, 'yar uwa.