Lissafin Taki a Gonar Alkama: Buhu Ba Mudu Ba Ne

Mai gurasa a Zaitawa, wadda ke kwaɓa fulawa tun asuba ta liƙa a jikin tanderu, yawanci alkamar wata ƙasa take gasawa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 sun nuna alkamar da aka noma a Nijeriya ba ta cika tan dubu 37 ba, kuma Kano ce kan gaba da tan dubu shida da 'yan kai. Abin da ƙasar ke ci a shekara kuwa ya haura tan miliyan huɗu. Ashe namu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki a rubuce yake ɓaro-ɓaro a jikin buhun taki, karantawa ce ba a yi.

Tambayi manomin rani a Kadawa ko Kura takin da ya zuba, zai ce maka buhu kaza. Ita kuwa alkama ba ta san buhu ba, naitrojin ta sani, sinadarin da ke sa ganye ya yi shar, gindi ya yi 'ya'ya, zangarniya ta cika. Lambobi ukun da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari, ta farko ita ce ta naitrojin. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50, kilo bakwai da rabi kacal ke cikinsa. Buhun 20-10-10, irin wanda gwamnatin tarayya ta sa wa farashin naira 5,500 a 2017, kilo 10 ne. Yuriya, mai kashi 46, kilo 23 ce. Buhun yuriya guda ya ɗara kamfa uku ke nan a wannan fanni.

To nawa gonar ke so? Kowane tan na ƙwaya, haɗe da karansa, yakan zuƙe kilo 25 zuwa 30 daga ƙasa. Mai son tan huɗu a hekta sai ya tanadi kilo 100 zuwa 120, kuma shawarar masu binciken alkama a Arewa a nan take yawo. Idan da kamfa zalla za a cike kilo 120, buhu 16 ne. Da yuriya zalla, biyar da ɗan ɗori, sai dai an bar saiwa da yunwar fosfaras. Shi ya sa ake gwamawa: kamfa shida da yuriya uku sun ba da kilo 114, ga kilo 45 na kowane ɗaya daga sauran sinadaran biyu. Wanda ya watsa kamfa huɗu a hekta ya koma gida yana jin ya ƙoƙarta, kilo 30 ya bayar, abincin tan ɗaya.

Takin gargajiya, irin wanda jakai suka daɗe suna kwasa a mangala daga cikin birni zuwa gonakin karkara, naitrojinsa bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu ba. A kan kashi ɗaya, tan 12 ake nema kafin a cike kilo 120. Amfaninsa na gaskiya gyaran ƙasa ne da riƙe danshi, kuma ban ga dalilin raina shi ba.

A Rothamsted ta Ingila akwai gonar gwaji da ake shuka alkama tun 1843. Fegin da ba a taɓa ba shi taki ba har yau kusan tan ɗaya yake bayarwa a hekta, waɗanda suka fi samun kulawa kuwa sukan haura tan takwas. Amma ƙarin ba ya tafiya daidai wa daida. Kilo hamsin na farko shi ke yin babban aiki, na biyu ya rage, daga wani mataki kuma kara ne kawai ke miƙewa ya yi laushi, iska na kaɗawa bayan ban-ruwa alkama ta kwanta. Wannan kwanciya ce ta sa mai binciken alkama Norman Borlaug ya samar da gajeren iri a Meksiko, wanda ke ɗaukar taki bai faɗi ba.

Akwai kuma ɓarna. A ƙiyasin duniya, kusan kashi ɗaya bisa uku na naitrojin da ake zuba wa hatsi ne ke ƙarewa a cikin ƙwaya. Yuriyar da aka watsa aka bari a fili iska ke sha, wadda aka yi wa ambaliyar ban-ruwa kuma ta zarce ƙasa inda saiwa ba ta kai. Maganin shi ne rabawa: kamfa a ranar shuka, yuriya bayan mako huɗu zuwa shida, a bi ta da ruwa daidai gwargwado. Duk wannan kuma sai an shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin alkama 'yar hunturu ce. Wadda zafin Maris ya riska tana nono, ko buhu ashirin ta sha, ƙwayarta a motse za ta fito.

Malam manomi, kafin ka ƙirga wa mai shago kuɗi bana, juya buhun ka dubi lambar farko, ka raba ta biyu. In buhun mai kilo 50 ne, abin da ya fito shi ne kilon naitrojin da ka saya.