Who, Which da That: Inda Ɗalibanmu Ke Yin Tuntuɓe

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in Turanci ya san irin wannan jimla: "The cow who my father bought is fat." Ɗalibin da ya rubuta ta ba rago ba ne, Hausa ce ta biyo shi har cikin aji. Mu jinsi da adadi muke dubawa: wanda ga namiji, wadda ga mace, waɗanda ga jam'i. Saniya "wadda" ce, yarinya ma haka. Shi kuwa Bature tambayarsa guda ce: mutum ne ko ba mutum ba? Idan mutum ne, who. Idan dabba ce ko kaya, which. Ita that tana iya shiga gurbin kowace daga cikinsu.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar yana gaba. Mukan ce "mutumin da muka je gidansa", ko "yaron da na ba shi littafi". Ku lura, mun sake ambaton mutumin da "sa", yaron kuma da "shi". Hausa ce tsantsa, amma Turanci ba ya yarda da wannan maimaici. Wanda ya rubuta "the man that we went to his house" ya fassara Hausa ne kawai. Daidai shi ne "the man whose house we went to", domin whose ita ke nuna mallaka. Haka kuma "the boy to whom I gave the book", ba tare da an ƙara him ba. In kuna shakka tsakanin who da whom, ku gwada he da him: inda him ta zauna, whom ce.

Sai waƙafi, wanda yawancinmu muke raina shi. A ce ɗan Utai ya rubuta "my brother who sells cattle at Wudil". Ma'anarsa yana da 'yan'uwa maza da yawa, yana ware mai sayar da shanu daga cikinsu. Da zarar ya sa waƙafi bayan brother, ya zama ɗan'uwa ɗaya tak gare shi, sauran maganar ƙarin bayani ne. A irin wannan gurbi that ba ta shiga. Sai dai a ce "Wudil market, which is held on Fridays, is famous for cattle."

Wani zai ce ai a Littafi Mai Tsarki na King James an yi amfani da which ga mutane, har a cikin Addu'ar Ubangiji. Gaskiya ne, amma Turancin 1611 ke nan. Mai duba takardar WAEC da ƙa'idar yau yake aiki, kuma maki yake ragewa a kan kurakuran nahawu.